Iska Surukar Jirgi Ce

A farkon sanyin bana na daina zuwa ajin koyon karatu, kuma ba gajiya ce ta hana ni ba. Duk wanda yake yini a tsaye a bakin Titi na 125 a unguwar Harlem ta New York yana sayar da hula da turare da man kaɗanya, ya san haƙuri. Abin da ya faru shi ne malamarmu ta gano kunnena ya fi idona sauri. In ta karanta mana shafi sau ɗaya, sai in riƙe shi a ka kamar yadda muka saba a makarantar allo, in aka zo kaina in zuba shi tiryan-tiryan ina bin layi da yatsa. Ran da ta miƙo mini shafin da ba ta taɓa karanta mana ba, sai na tsaya cik. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in koma ajin safiyar Asabar a unguwar Tremont, inda ake fara haruffa daga tushe.

Komawa baya bai dame ni ba. Asabar na yi, na hau bas daga unguwarmu Parkchester a Bronx, na je na tura ƙofar ajin. Wa zan gani a kujerar gaba, da tabarau a ido da fensir a hannu? Hajiya, mahaifiyar matata Rabi. Rainon jikoki ya kawo ta ƙasar nan, tana zaune a gidan ɗanta, ashe ita ma ta shiga aji don ta riƙa karanta sunan maganinta da kanta. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta, ta amsa tana kallon taga. Na daɗe a durƙushe, na rasa gaba na rasa baya. Daga ƙarshe na ja ƙofar a hankali na koma inda na fito.

Tun da na auri Rabi ban taɓa cin abinci a gaban Hajiya ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. In na hango ta a hanya, nakan sake hanya. Yanzu a ce in zauna ɗaki ɗaya da ita, in buɗe baki ina in'ina a kan haruffan da jikokinta suka wuce tun ba su iya ɗaura takalmi ba?

Rabi ta ce, "Baban Hadiza, nan fa Amurka ce."

Na ce, "Amurka ce, amma ba ta mai da uwarki ƙanwata ba."

Makonni suka shuɗe. Littafina na cikin jaka, 'yan haruffan da na fara kamawa suna zubewa kamar gero daga ɓulallen buhu.

Wata Lahadi da la'asar ruwan sama ya hana ni fita kasuwa. 'Yata Hadiza tana karanta wani littafi da aka ba su a makaranta, labarin jiragen ruwa na da masu tafiya da iska, sai ta samo fim mai irin labarin ta kunna. Na zauna kusa da ita da kofin shayi. Jirgin katako ne babba, da dogayen sanduna a tsaye, an ɗaura musu manyan zannuwa farare. Suna ta matsawa kusa da duwatsu, shugaban jirgin yana tsaye yana kallo, har na ajiye kofina. Sai ya daka tsawa. Mai tuƙi ya murɗa sitiyari, mutane suka watse a guje, wasu na sakin igiya wasu na ja. Hancin jirgin ya juyo ya fuskanci iska, zannuwan suka saki jiki suna faffaka kamar shanya, gudun ya ragu kamar zai tsaya. Can sai hancin ya ƙarasa giftawa, iska ta cika zannuwan ta ɗaya gefen, jirgin ya jingina ya kama sabuwar hanya.

Hadiza tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayarwa. Ta yi mini bayanin abin da ta karanta. Ta ce irin wannan jirgi ba ya iya nufar inda iska ke fitowa kai tsaye, sai dai ya yi ta karkata, ya yi dama ya yi hagu. Wurin juyawar nan ne haɗari. In bai taho da isasshen gudu ba, sai ya maƙale yana kallon iska, kuma masu jirgi suna cewa an sa shi a mari.

Ban san lokacin da na ce, "Ai iskar nan suruka ce!"

Ta juyo tana kallona. Ni kuwa na riga na bar Bronx. Ina can garinmu kusa da Matamai, a ƙofar ɗakin Kaka Dije.

Kaka Dije ita ta haifi ubana. A gari ana ce mata Hajiya Mai Ƙafa, domin tana yarinya iyayenta suka tafi da ita Makka a ƙasa, suna tafe suna tsayawa noma a hanya, ba ta dawo ba sai da ta isa aure. Lokacin ɗari, in an yi sallar lisha, takan sa mu tara karan dawa a ƙofar ɗakinta mu hura wuta. Ta zauna a kan tsohuwar fatar akuya da mazarinta tana kaɗi, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya tura gyaɗarsa cikin toka yana gadi kada ɗan'uwansa ya sace. Gabanka ya yi zafi, bayanka ya yi sanyi, hayaƙi ya bi duk inda ka koma. Har yau in na ji ƙanshin gyaɗar da ake soyawa a bakin titi a nan New York, sai in ji ƙafafuna suna neman toka.

Ni take ce wa angonta. "Angon banza," in ji ta, "ko goro ba ka taɓa saya mini ba, ga ci kamar gara. Matso nan in dafa kanka, mazarina ya gaji."

A garinmu babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin da muke shayar da awaki, sai ita. Ta ce a garin Sawakin da ke bakin teku suka shiga jirgi don ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Jirgin katako, ba inji, sai wani ƙaton zane mai kusurwa uku da aka ɗaura a doguwar sanda. Ta ce iskar daga gabansu take zuwa. Suna cikin tafiya sai ma'aikatan jirgin suka sassauta zanen, suka kinkimi sandar suna waƙa suka mai da ita ɗaya gefen, jirgin ya juya. Ubanta ya ga rana ta koma waccan kafaɗar, ya miƙe yana salati, wai an cuce su za a mai da su Sawakin. Mata suka fashe da kuka. Ma'aikatan ba su jin Hausa, dariya kawai suke yi. Haka aka yi ta yi, a karkata nan a karkata can, har wata safiya suka ga fararen gidajen Jidda.

Wannan labarin gaskiya ne, kuma a taƙaice take ba da shi. Wanda muke roƙo shi ne tatsuniyar da ta ƙera daga cikinsa. Ba ta buɗe ta yadda ake buɗe sauran. Takan ce, "Ga ta nan tafe a kan ruwa." Mu kuma mu amsa, "Ta iso gaɓa mu ji ta."

Wai an yi wani masunci, Tanko, wanda ya auri Raɓa 'yar Iska. Da ciki ya tsufa, Raɓa ta tafi gidan uwarta haihuwar fari, can ƙetaren teku. Aka aiko wa Tanko cewa an sami ɗa namiji. Ya sa ragon suna da ƙwaryar goro a jirginsa, ya ɗaga zane. To Iska kuwa tana zaune a ƙofar gidanta, tana hurowa daga can inda zai je.

Murna ta sa Tanko ya manta da ladabi. Ya saita hancin jirgi sak a kan fuskar surukarsa. Zane ya fara marin sanda. A nan Kaka takan ajiye mazari ta kama bakin zanenta tana kaɗawa, "Fal-fal-fal! Kun ji? Faɗa take yi. Wane marar kunya ne wannan yake kallona ido cikin ido?" Jirgi ya tsaya cik, rago na kuka.

Tanko ya yi fushi ya juya mata baya. Kafin ya tauna goro ɗaya ta ingizo shi har gaɓar garinsu, ya faɗa cikin laka shi da ragon. Yana zaune yana share fuska sai ga Ƙaguwa ta fito daga rami. Mu ba mu san ƙaguwa ba, sai Kaka ta kifa hannunta a ƙasa, yatsunta su yi ta tafiya a kaikaice har su cafki ƙafar wani, a yi ta ihu.

Ƙaguwa ta ce, "Tanko, a garinku in ka haɗu da surukarka a lungu, yaya kake yi?"

Ya ce, "Nakan kauce, in ba ta kafaɗa, in bi gefen katanga."

"Kana fasa zuwa inda za ka?"

"A'a."

Ta ce, "To ka taɓa ganin na yi tafiya kai tsaye? Duk tekun nan surukaina ne, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba."

Tanko ya koma ruwa, ya ba Iska kafaɗar hagu. Zane ya cika, jirgi ya fara gudu. Amma gefe yake tafiya, in ya ci gaba a haka sai ya wuce garin surukan ya ɓace. Dole ya juya ya ba ta ɗaya kafaɗar, kuma ba yadda zai juya sai ya gifta ta gabanta. A nan Kaka takan rage murya, mu matso har gwiwoyinmu su ji wuta.

"Wannan shi ne wurin," in ji ta. "Ba a tsayawa a gaban suruka ana sosa ƙeya. Tun daga nesa kake tara saurinka. In ka iso ka cire takalmi, ka sunkuya, ka yi gaisuwa kana tafiya. Wanda ya tsaya tunani a nan, nan zai kwana."

Tanko ya sassauta zane ya rusuna, ya ce, "Inna ina wuni," bai jira an gama amsawa ba ya wuce. Zane ya cika ta dama. Can gaba ya sake giftawa, "Inna ina gajiya." Ya sake, "Inna ya mai jego." Mu yara mukan karɓe gaisuwar muna rerawa, muna jingina dama da hagu kamar muna cikin jirgin, har wani ya faɗa kan ɗan'uwansa. Haka Tanko ya yi ta gaisuwa har ya isa ana shirin raɗa suna.

Da ya shiga wajen matarsa sai ya fara ƙorafi a hankali, wai uwarta ta wahalar da shi, ta tare masa hanya. Iska tana bayan ɗaki tana ji. Ba ta yi masa magana ba, don ba a yi. 'Yarta ta kira. Ta ce, "Raɓa, tambayi mijinki, wa ya cika masa zane? Da na so hana shi zuwa, ai shiru kawai zan yi, ya zauna a tsakiyar ruwa har ragon ya tsufa."

Sai Kaka ta tafa hannu ta ce, "Ƙurunƙus kan kifin gishiri, ba don Ƙaguwa ba da ba a ci naman suna ba."

Wani dare na ce mata, "Kaka, me ya sa Iskar ba ta zagayo bayansa ta turo shi kawai ba?"

Ta dungure mini kai da mazari. "Ji angon banza! Surukarsa ce ko 'yar aikinsa? Tana zaune a ƙofar gidanta, shi ne mai zuwa. Ci gyaɗarka ta ƙone."

Duk wannan na ba Hadiza a ranar, fim ɗin yana tsaye a kan allon talabijin. Ta yi ta dariyar Ƙaguwa, har ta gwada faɗin "Inna ina wuni" da Hausarta mai ƙarfi-ƙarfi. Ban lura Rabi ta fito daga kicin tana tsaye da ludayi a hannu ba.

Ta ce, "Tunda ana maganar surukai, ɗazu Inna ta kira ni. Ta ce daga wannan Asabar ta bar ajin. Wai namiji mai iyali ya fi ta bukatar karatu, ita tsohuwa ce, jikoki sa riƙa karanta mata maganin."

Ni a tunanina Hajiya ce ta tare mini hanya. Ashe duk makonnin nan tana sane, tana auna yadda za ta janye ta bar mini wuri. Kuma na san kaina. Da ta bari, ba zan iya zama a ɗakin nan ina kallon kujerar da na tashi tsohuwa daga kai ba. Da mu biyu duk mun rasa.

Na ce, "Ki kira ta. Ki ce ina gaishe ta, kuma don Allah kada ta fasa."

"Kai fa?"

"Ke dai ki faɗa mata."

Ranar Asabar na sauka daga bas tun kafin tasharmu, don in tara saurina. Na san in na rage tafiya a matakala, to a bakin ƙofa zan sake maƙalewa. Na tura ƙofar ban tsaya ba. Na sunkuya har hannuna ya kusa taɓa ƙasa, na ce, "Hajiya ina kwana, an tashi lafiya," ƙafafuna suna tafiya. Kafin ta gama "Lafiya lau" na isa kujerar ƙarshe ta jikin bango, kusa da hita mai ɗumama ɗaki. Na ɗan karkata kujerar na ba ta kafaɗa.

Malamar ajin ta yi murna da ganina. Da aka zagayo kaina ta nuna mini layi ɗaya a littafi. Na fara haɗa haruffan a hankali, muryata a ƙasa kamar mai addu'a. Sai na ji Hajiya tana magana da maƙwabciyarta, wata Mma Fati 'yar zangon Kumasi mai aikin kula da tsofaffi.

"Fati, faɗa wa mutumin bayan nan ya ɗaga murya. Mu ma nan kunne muke kasawa, ko ma tsinci wani abu."

Mma Fati ta juyo ta ce, "Malam, ka ji saƙo. Ni ban ƙara ko gishiri ba."

Na ɗaga murya. Na yi tuntuɓe a wata kalma, na koma na sake, na kai ƙarshen layin. Babu abin da ya faɗo daga sama.

Da aka zo kan Hajiya, sai ta tsaya a kan haruffan nan biyu masu kama da juna, b da d, waɗanda ni ma suka daɗe suna wasa da ni. Ta gyara tabarau. Na ga wuyanta ya sunkuya. Sai na dubi hitar da ke gefena na ce mata, "Mai tumbi a dama shi ne na bas. Mai tumbi a hagu shi ne na dala."

Hajiya ta ce wa taga, "Allah ya yi wa hita albarka." Ta karanta kalmarta daidai.

Mma Fati ta yi dariya har da hawaye. Malama ta rasa gane abin da ake ciki, ta tambaye ta ko faɗa muke yi ni da tsohuwar. Mma Fati ta ce mata da Turanci ba faɗa ba ne, girmamawa ce ta yi yawa har ta rasa inda za ta zauna.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Kaka Dije ta koyon gaisuwa ce. Da na zo ƙasar nan, na ga yadda ake cewa mutum ya zubar da kunya in yana son ci gaba, sai na ɗauka zaɓi biyu ne kawai, ko in zubar da ita ko in zauna inda nake. Kaka ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta ga jirgi ya isa Jidda ba tare da ya kalli iska ido da ido ba, kuma ba tare da iskar ta matsa daga wurinta ba. Yanzu in ina karatu nakan tuna da jirginta. Ido ya tafi dama har ƙarshen layi, ya dawo hagu kamar an koma Sawakin, alhali an sauka layi guda. Na karɓi aron littafin Hadiza na jiragen ruwa. Har yanzu ina shafukan farko, jirgin bai ma bar gaɓa ba, amma da idona nake tafiya, ba da kunne ba.

Hajiya ma tana nan ba ta fasa ba. Ta fi ni iya rubutu da hannu, Rabi ce ta faɗa mini, don ni ban taɓa leƙa littafinta ba. Asabar ɗin da ta wuce ta zo da ƙosai a leda, ta ajiye a kan tebur ɗin baya ta ce wa Mma Fati an bar wa masu zama kusa da hita. Na ce wa hita an gode. Na riƙe ledar a cinyata har aka tashi, ƙanshi na damuna, ina karatu ina haɗiyar yawu. Sai da na ga ta hau bas ɗinta ya sha kwana, sannan na tsaya a tasha na buɗe. Ya huce, amma na cinye shi tas.